Wa zai hau tafkin bana, Profesa Teodosia?

Ranar Talata, 9 ga Yuli, ina tsaye a bakin tafkin da ke saman garin Tullpa ina duban tsagar da ke jikin tulin ƙanƙarar da ke kan dutse, aka kira ni a waya: Allah ya yi wa Profesa Teodosia Chauca rasuwa a asibiti a Lima. Profesa, ke ce kika koya mini, tun ina ɗalibinki a jami'a, cewa idan wannan ƙanƙara ta ɓalle ta faɗa tafkin, ruwa zai shafe Tullpa kafin a gama buga ƙararrawar coci.

Ba ki da sauƙi a aji, wannan kowa ya sani. Amma ke ce kike rabon ganyen koka, wanda ake taunawa don maganin jiri, idan tsayin dutse ya sa mu jiri, kike komawa baya ki riƙe hannun wanda numfashi ya gagare shi.

Ba zan manta shekarar da tsagar ta fara buɗewa ana jajibirin bikin waliyyiyar gari ba. Kika ce a tashi. Don Fermín, mai ɗaukar nauyin bikin, ya fusata.

“Haba Profesa! Na yanka shanu, giyar masara ta nuna, ki ce mu gudu? Waliyyiyarmu fa, mu bar ta ita kaɗai?”

“Wa ya ce ku bar ta, Don Fermín? Ku saɓa ta a kafaɗa, ku hau tudu da badujalarku. Ko ƙafar ce ta tsufa?”

Haka garin ya hau tudu yana rawa bayan mutum-mutuminta, ke kuwa idonki na kan dutse. Ruwa bai zo ba. Suka laƙaba miki Profesa Ambaliya, har a kasuwa. Abin ya ƙona mini rai, ke ko a jikinki. Cewa kika yi tunda suna da bakin tsokana, ai suna raye.

Bana tsagar ta fi ta wancan karon faɗi, biki kuma Lahadi ne. Tsoro nake ji, Profesa. Ban taɓa yanke wannan hukunci ni kaɗai ba, ban kuma san ko za su ji maganata ba.

A maƙabarta, ranar jana'izarki, Don Fermín ya dogaro sandarsa ya same ni.

“Kai ɗan Ambaliya, bana ina za mu yi?”

Na ce, “Tudu.”

“To,” in ji shi. “Dama na gaya wa 'yan badujala su nemi takalman hawa.”

Allah ya jiƙan ki, Profesa, ya gafarta miki, ya ba ki hutawa. Ya ba mijinki Don Aurelio da 'yarki Maribel haƙurin wannan rashi. Ya kuma riƙe mana ƙanƙarar nan har mu kai tudu.