Tsohuwa Ba Ta Son Hutu

Shekara goma sha ɗaya Kawu mai gyaran kwamfuta yana kula da sabar asibiti, na'urar da ke riƙe da bayanan marasa lafiya. Tsohuwa yake kiranta. Kullum da safe, kafin ya gaida kowa, sai ya manna kunne a jikinta. Dokarsa ɗaya ce: ba a kashe ta, don tsohon faifan ajiyar da ke cikinta in ya huce ba lallai ya sake juyawa ba.

Ran nan masu canza wayoyin lantarki suka tilasta masa kashe ta. Bayan awa uku ya kunna, shiru.

Babbar nas ta faɗo ɗakin tana haki. "Kawu, mutum huɗu na jiran tiyata, ba mu san maganin da jikinsu ba ya ɗauka ba!"

"Yi shiru, 'yar nan, saurare nake."

Ya zaro faifan, ya cusa cikin rigarsa har ya ɗumama, gumi na ɗiga daga gemunsa. Ya murɗa shi da ƙarfi sau ɗaya, ya mayar, ya danna makunni.

Wata siririyar ƙara ta taso, faifan ya fara juyawa.

"Maza ki buga bayanan mutum huɗun a takarda," in ji shi. "Ban ɗaukar miki alkawarin gobe ba."