Bencin Bayan Rumbu

Farkon damina ne, a shekarar da komai ya yi tsada har na gwammace in taka daga Gyadi-Gyadi zuwa Tarauni da in hau adaidaita. Can nake zuwa gidan wani tsohon attajirin fata, gidan ƙasa mai zauruka da soraye. A nan na yi aikatau, a nan na auri direbansa. Da jikokinsa suka buɗe gidan don masu kallo, sai suka ce ni zan riƙa zagayawa da baƙi, tunda na san lungunansa.

Na yi jinyar ƙafa, na daɗe ban je ba. Ran da na koma, 'yan mata masu koyon aikin jinya ne suka zo. Na nuna musu azarar soro da ɗakin da ake tara fatu, mai ƙaramar ƙofa.

"Inna, wai mutanen da gajeru ne?" in ji wata doguwa, tana dafe goshi.

"Ke ce kika yi yawa," in ji ƙawarta.

Muka fito filin da ke bayan gidan ana dariya. Sai na tsaya cak. An malale filin da siminti, an ajiye benci a kusurwar bayan rumbu. A zamaninmu jariri idan ya koma ba a kai shi maƙabarta, a cikin gida ake sa shi. Ɗana na fari yana kusurwar nan, ko suna bai kai ba. Dutse guda ne alamarsa, shi ma an ɗauke.

Kafin in iya magana, biyu sun haye bencin suna gyara mayafi.

"Inna, zo mu yi hoto mana!"

Na ce, "Ku tashi, 'ya'yana."

"Maciji ne?"

"Mutum ne a ƙasa."

Suka miƙe. Ban san yadda na ƙarasa zagayen ba.

Jikan da ya sa aka yi aikin ba a haife shi ba a lokacin, waɗanda suka sani kuwa duk sun riga mu gidan gaskiya.

Washegari na jira shi a zaure. Bayan mun gaisa na kai shi kusurwar, na faɗa masa. Ya cire hula, ya ce a fasa simintin. Na ce a'a, kada a tashi yaron da guduma. Na kama bencin ta gefe ɗaya, shi ya kama ɗayan.