Rabo Soja a Ƙofar Likita

Rabo mutumin Ɗan Kassari ne, manomin hatsi kamar ubansa. Da Faransa ta shiga yaƙinta na biyu, aka zo neman samari, sarki ya duba ya ga Rabo ya fi kowa tsawo, shi ke nan aka tafi da shi. Ya dawo da kaki, da lambar tagulla, da wani guntun ƙarfe a ƙwaurinsa na hagu wanda ya ƙi fita. Wurin ya zama gyambo. Matarsa Kubra takan ce Nasara sun ari mijinta sun maido shi da ɓula.

An gaya masa tsohon soja yana da haƙƙin magani a gidan likita na Dogon Dutsi. Haƙƙin kam yana nan. Mai maganin ne mutum ɗaya, anfirme, shi ke allura shi ke wankin gyambo, lokotoro kuwa, babban likita Bature, sai jefi-jefi yake leƙowa daga Dosso. Anfirme ba ya bin layi. Fitowa yake ya dubi taro, wanda ya gani a kwance yana nishi shi zai ɗauka.

Rabo kuwa sai ya sa kakinsa, ya maƙala lamba, ya ƙame a bakin ƙofa kamar ana fareti. Haka aka koya masa tsayawa gaban manya. Anfirme ya dube shi, ya ga mutum garau, ya ce, "Soja, ka komo ran kasuwa."

Ya koma ran kasuwa. Aka ce bayan sallah. Bayan sallah aka ce sai lokotoro ya zo.

"Maigida, ka kwanta mana," in ji Kubra. "Ka yi nishi kamar mutane. Ni da ciwon haƙori na tahi, na yi birgima, an gan ni tun hantsi."

"Da kaki ba a kwanciya."

"To tuɓe shi."

"In na tuɓe, wa zai san soja ne?"

Kubra ta ci gaba da surfenta.

Kowace tafiya ƙafar na ƙara kumbura, ga hanya mai rairayi. Da ruwan shuka ya sauka, Rabo ya ninke kakin ya sa cikin tukunya, ya ɗauki sungumi. Bai yi fushi ba, bai zagi kowa ba, zuwa kawai ya daina. Kubra ta riƙa wanke gyambon da ruwan bagaruwa, wanzami ya yi ƙaho, masu bori suka ce Doguwa ce ta taɓa shi. Rabo ya ce to.

Bayan girbi gardi, ɗan sandan Nasara, ya zo a kan doki, ya ce lokotoro ya iso, ana kiran tsofaffin soji, yau kaɗai. Ya tarar da Rabo a kan tabarma, ƙafar ta yi baƙi har gwiwa, ƙudaje sun samu wurin zama.

Rabo ya dubi ƙafar, ya dubi dokin.

"A ce masa na gode," ya ce.

Gardi ya sha fura ya wuce gari na gaba. Ƙafar ba ta sake taka ƙasa ba.