Fotin da Aka Ɓoye a Ƙarƙashin Gilashin Baya

Akwai ranar da har gobe ba ta fita daga raina ba, ranar da aka tashi korar Baba Isufu a kan laifin da bai ji ba bai gani ba. Ku da kuka shigo sana'ar nan kwanan nan ku saurara da kyau, don ni ma da hannuna a cikin abin.

Lokacin ina shekarata ta uku a wani gareji a unguwar Al Khabaisi, can ƙasar Larabawa, inda ake farfaɗo da tsofaffin motoci. A sama akwai mudir, wato manaja, sai foman, sai mu masu aikin hannu. Ni ne mai gilashi, sana'ar da na taso da ita tun daga Ƙofar Ruwa a Kano. Baba Isufu kuwa mutumin Damagaram ne, shi ke walda da gyaran jikin mota. Ya haura sittin, ga 'ya'ya biyar a gida, kuma saura wata biyu a sabunta masa biza. A shekarunsa in aka sallame shi, babu garejin da zai ɗauke shi, sai dai jirgin komawa gida.

A tsakiyar zafin bazara aka kawo mana wata baƙar mota ƙirar Amurka ta shekarun sittin, mai ƙofa biyu, irin wadda in aka tayar da injinta har a ƙirjinka kake ji. Mai ita Balarabe ne ɗan ƙasa, kuma motar ta mahaifinsa ce marigayi. Abin da yake so shi ne a cire sandunan kurom ɗin nan masu ƙyalli da suka zagaye gilashin gaba da na baya, a sa sabon gilashi ya zauna daidai da jikin mota, in ka shafa hannu ba za ka ji tudu ba.

Ga wanda bai san aikin ba, waɗannan sanduna su ne mayafin mota. Duk wani karkace da tsatsa suna bayansu. In ka cire su, ranar wanka ke nan, ba a ɓoyon cibi. Sai an kankare ramin da gilashi ke zama har ƙarfe ya fito, a yanke ruɓaɓɓen wuri a yi waldar sabo, a ɗora gilashin ba gam a gwada shi, sannan a shafa firama, wato shafin farko mai sa gam ya kama, sannan gam. Ba roba, ba kilif, gam ɗin nan kaɗai ke riƙe da gilashi. Kuma ba a ɗora shi a kan foti, domin foti, kwaɓin nan da ake cike lotsawar mota da shi, ba ƙarfe ba ne, zafi na dukansa zai saki.

Baba Isufu ya gama ramin gaba cikin kwana uku, aiki kamar daga kamfani. Da ya kankare na baya sai ga kusurwoyin ƙasa biyu sun ruɓe, har yatsa na shiga. Ya ce wa mudir yana buƙatar kwana huɗu.

Mudir ya ce, "Kwana huɗu? Akwai baje kolin tsofaffin motoci ƙarshen mako, na riga na yi wa mai ita alkawari. Yalla, maza, koma kan jar motar can."

Baba ya koma. Amma a garejin nan akwai wata muguwar al'ada: da safe ake ba ka katin aiki ka sa hannu, tun kafin ka taɓa motar. Sa hannun Baba yana kan katin, na aikin ramin gaba da na baya.

Bayan kwana biyu aka turo min motar daga ɗakin fenti. Ina duba ramin baya na ga ya yi sumul, baƙin fenti har ciki. Na ƙwanƙwasa kusurwa da ɗan yatsa, na ji sautin ya mutu. Na gane mudir ya sa mai fenti ya cika ramukan da foti ya fesa fenti a kai. Na je ofis na ce, "Mudir, wannan wuri ba zai riƙe gam ba."

Ko ɗago kai bai yi ba. "Habibi, kai mai gilashi ne ko injiniya? Sa gilashi, khalas, magana ta ƙare."

To, a nan ne na ci amanar sana'ata. An rene mu a kan ba a ja-in-ja da na gaba, ga kuma tsoron biza, sai na ja bakina na tsuke. Na matsa gam, muka ɗora gilashi, na liƙe da salatif. Ya zauna ɗas, kyau kamar ka lashe. Motar ta je baje koli, mudir ya dawo yana nuna mana hotunanta a waya, baki har kunne.

Sati biyu cif, da hantsi, sai ga motar a bayan babbar motar da ke ɗaukar motocin da suka lalace. Mai ita ya sauko idonsa jawur. Yana kan babban titi da 'yarsa a kujerar baya, sai ya ji iska na fito, ya waiga ya ga gilashin baya ya ɗaga daga ƙasa yana rawa. Allah ne ya tsare bai tashi ya faɗa kan motar da ke binsu ba.

Kun san me mudir ya yi? Wallahi ko kunyar Allah. Ya shiga ofis ya fito da katin aiki, ya tara mu a gaban mutumin, ya nuna sa hannun Baba. Ya ce tsoho ne, ido ya tafi, dama sun daɗe suna haƙuri da shi, kuma yau zai rubuta takardar sallamarsa. Mutumin da ya ce a ba shi kwana huɗu aka hana shi! Foman ya sunkuyar da kai, mai fenti ya sulale bayan wata mota.

Na dubi Baba Isufu ina jiran ya yi magana. Sai ya cire safar hannunsa ya ninke, ya ce da Hausa, "Ba komai. Allah na nan."

Wannan "ba komai" ita ta ƙarasa ƙona min rai. Na ce, "Haba Baba! Da komai mana!"

A akwatin kayan aikina akwai mayen ƙarfe da na ciro daga tsohuwar sifika, naɗe a hankici. Dillalan mota a Kano da shi suke gane motar da ta taɓa haɗari, don yana kama ƙarfe amma ba ya kama wurin da aka lafta foti. Na ɗauko, na je wurin mai motar na ce, "Arbab, ranka ya daɗe, riƙe wannan. Bi da shi gefen gilashin gaba."

Ya bi da shi, yana kamawa sosai tun daga sama har ƙasa. Na ce wannan aikin tsohon nan ne. Muka zagaya baya, ya ɗora a kusurwar ƙasa, mayen ƙarfe ya zame ya faɗi ƙasa. Ya ɗauka ya gwada ɗaya kusurwar, ya sake faɗuwa. Na ɗaga gilashin na nuna masa gam ɗin, ga fenti da ɓarɓashin foti manne a jikinsa.

Ya ce, "Wa ya yi wannan?"

Mudir ya fara, "Arbab, wannan yaron ba ya..."

Na ce, "Ni ba yaro ba ne, 'ya'yana uku. Baba ya nemi kwana huɗu ya yi walda, kai ka hana, ka sa aka cika da foti. Ni kuma na gani da idona, na faɗa maka sau ɗaya, ka daka min tsawa, na sa gilashin a haka. In kora ce, mu biyu ne, ni da kai. Shi babu ruwansa."

Mai motar ya daɗe yana juya mayen ƙarfen a hannunsa. Daga baya ya ce motar mahaifinsa ba za ta fita daga nan ba sai tsohon nan ya gyara ta, ko wata guda zai ɗauka, kuma in ya dawo bai same shi ba, da mai garejin zai yi magana.

Baba ya yi kwana biyar a kan ramin nan. Na gwada gilashin sau uku kafin in taɓa gam. Aka sabunta masa biza. Mudir yana nan a kujerarsa, ko gezau. Ni kuwa da kwantiragina ya ƙare bayan wata uku, aka ce ba a buƙatar mai gilashi. Na yi wata biyu a ɗakin wasu 'yan garinmu a unguwar Al Nahda kafin Allah ya kawo ni wannan garejin.

Ranar da nake haɗa kayana Baba ya zo ya tsaya a kaina. Na zaci godiya zai yi. Sai ya ce, "Sabi'u ɗana, ka kyauta, Allah ya saka. Amma yarinyar nan da ke kujerar baya fa? Ranar da ka ƙwanƙwasa ka ji foti, ranar ya kamata ka ɗauko mayen ƙarfenka."

Gaskiya ya faɗa.

Shi ya sa kuke ganin ina masifa in na ga wani ya sa hannu a kati kafin ya gama aiki, ko ya ɗauki gam bai gwada gilashi ba. A sana'ar nan mai ba da umarni ba ya riƙe bindigar gam, kai ne ke riƙewa, kuma in gilashi ya tashi za a nemi wanda ya fi kowa rauni a ɗora masa. In kun ƙwanƙwasa kun ji sautin ya mutu, ku ajiye kayan aiki a nan take, ko wa ke tsaye a kanku yana yalla yalla. Ni na yi magana, amma sai da na makara sati biyu, da 'yar mutane a cikin motar.