Kututturen Marke da Jan Ƙyalle

Har yau in na ji ƙamshin ɗanyen ganye da aka sara, ranar nan ce ke dawo mini.

Shekarun baya, ina shekarar farko a jami'a, aka koya mana cewa itatuwa na zuƙe iskar kabon da ke ɗumama duniya, har akwai masu noman kabon, waɗanda aikinsu kawai su raya daji. Na dawo gida Shamaki kaina cike da mafarki. Kakana yana da makiyaya a bayan gari, fili ne da ya tsufa, sai kututture da ƙananan tsirrai. Na ce ni zan mayar da shi kurmi.

Na sayo dashen dogon yaro cikin baƙaƙen ledoji, na ari addar maƙwabta, na riga Kaka zuwa filin da safe. Duk tsiron da ya tare mini hanya sarewa nake. Akwai wani kututturen marke mai toho uku, tsawonsu ya kai ƙuguna, an ɗaura wa kowanne jan ƙyalle. Na ɗauka wasan yara ne. Na sare su.

Kaka ya iso da sandarsa a kafaɗa. Ya daɗe yana kallon wurin, sannan ya duƙa ya kwance ƙyallayen ya sa a aljihu.

"Amarya, wannan aiki haka? Ko kishi kike da itacena?"

"Kaka, ciyayi ne fa. Na kawo maka itatuwan gaske."

"To, madalla da 'yar boko," ya ce yana murmushi. "Amma naki baƙi ne. Waɗannan kuwa saiwarsu ta girme ki, tana can ƙasa tana jira. Ba a shuka su, zaɓa ake yi. Ki bar toho biyu ko uku masu ƙarfi, ki rage sauran, ki kare su daga awaki."

Kunya ta kama ni. Ya ma taya ni haƙa ramuka.

Kafin rani ya ƙare, dashena duk sun bushe. Marken kuwa ya sake tohowa da damina, muka zaɓi uku tare, na kewaye su da ƙaya. Yanzu shanu na kwanciya a inuwarsa. Abin da na je nema a littafi, ashe yana aljihun tsoho.

Sai bayan rasuwarsa mahaifiyata ta ga hoton marken a wayata. Ta ce a gindinsa kakata take tatsar nono, kafin masu gawayi su sare shi a shekarar da ta rasu. Damina huɗu Kaka yana renon tohon da na sare. Jan ƙyallen kuma daga zanin kakata ya yago shi.