Mwajim Mai Igiya da Agogon Malamin Gona

A bara jikata ta sa aka kafa mini ƙofar ƙarfe mai sakata biyu da kwaɗo ɗaya. Maƙerin ya ce yanzu kam sai in kwanta da kwanciyar rai. Shekarata tamanin da huɗu, kuma sai da na kusa arba'in kafin na fara riƙe mabuɗin gida. A Gwalamdi ta wancan zamani, in mutum zai tafi gona, zana yake ja ya gicciye sanda a bakin ƙofa. Ba wai ba a sata ba. Ana yi. Amma muna da Mwajim.

Mwajim Thlama yayan mahaifiyata ne, saboda haka Kawu nake ce masa. Kububuwa ta sare shi a ƙafar hagu yana saurayi, ya tsira da rai, ƙafar ta shanye. Noma ya gagare shi, sai ya kama tufkar igiya. Mazauninsa gindin maɗaci ne, daidai inda hanyar Kogin Hawul ta haɗu da ta kasuwa. Da damina gari kan watse tun kafin hantsi, ba kowa sai tsofaffi da awaki da shi. Duk wanda ya zo wucewa zai gaishe shi, ya nuna masa tulun ruwa, sa'an nan ya tambaye shi gidan wa za shi. Baƙon da ya sha ruwan Mwajim ya san an ga fuskarsa.

Babban aikinsa kuwa dammuna ne. In abu ya ɓace, mai abin zai zo ya gaya masa, shi kuma ya buga tsohuwar garmar da ke rataye a maɗacin, ya sanar. Washegari da safe kowane gida, gida arba'in da bakwai ne a lokacin, zai kawo damin ciyawa a ɗaure. Mwajim zai juya fuska ga itacen har a gama tarawa. Sa'an nan ya juyo ya riƙa kwancewa ɗaya ɗaya a gaban jama'a. Sau da yawa, ba kullum ba, abin yana cikin ɗaya daga dammunan: lauje, zobe, wuƙa, zanen da aka ɗauke a shanya. Mai abu ya karɓi abinsa, awaki su ci ciyawa, ba a ambaci sunan kowa ba. Ya yi wannan aiki shekara talatin kafin abin da zan faɗa, ya kuma yi goma sha biyar bayansa, har ya rasu a 1979.

Akwai abin da na lura da shi, wanda na ɗauka ni kaɗai na lura. Wata rana muna zaune ya tsinci guntuwar igiya a hanya, ya juya ta sau ɗaya, ya ce ta Kubili ce, bahaguwa, tufkarta baya take komawa. Wani lokaci kuma ya dubi ƙullin da ke wuyan wata akuya ya faɗi gidanta. Sai na gane cewa mutumin da ke kwance dammunanmu ya san hannun da ya ɗaure kowane ɗaya. Na riƙe wannan a raina ina alfahari da shi, kamar yadda nake alfahari da takardar shaidar malanta da na samo daga makarantar mishan.

A watan Agusta na 1964, ranar Talata, malamin gona Mista Oyelade ya cire agogon hannunsa a bakin rijiya don ya wanke maganin feshi. Ya manta da shi a kan dutse. Da ya dawo, babu. Mutumin kudu ne, wata huɗu ke nan da zuwansa, bai san dammuna ba. Ya hau babur ya tafi birni ya kai ƙara wurin 'yan doka. Mu kuwa da muka ji, ranar Laraba aka buga garma.

Ranar Alhamis da safe ana cikin tara ciyawa sai ga ɗan doka, Kofur Modu, dogo, da kulki a hamata. Ba ya jin Bura, yarenmu, sai aka kira ni daga aji in yi tafinta. Ya tsaya yana kallo Kawu yana kwancewa. A dami na talatin da ɗaya agogo ya faɗo, a naɗe cikin ganyen kalgo. Yana tafiya ma, lokacinsa daidai. Wanda ya ɗauka ya riƙa murɗa masa kai kwana biyun nan.

Kofur ya ce, "To madalla. Wa ya kawo wannan damin?"

Na ce, "Ba a sani ba, ranka ya daɗe. Haka ake yi."

Ya yi dariya. "Haka ake yi? Wato ɓarawo ya zo da kansa, ku kuma ku ba shi ƙeya. Kun ɗauko gurgu kun naɗa alƙali, ya kafa wa itace ido kamar jaki a ruwan sama. Kai, ƙauye da abin dariya yake."

Shekarata ashirin da huɗu a lokacin. Na ji zafin maganar har cikin kunnena. Na ce, da Hausa, da ƙarfi, "Wannan gurgun da kake gani, ƙulli kawai zai duba ya san hannun da ya ɗaure shi. Duk garin nan babu igiyar da bai sani ba."

Fiye da rabin mutanen da ke wurin suna jin Hausar kasuwa. Wata tsohuwa da ta sunkuya za ta kwashi ciyawa ta miƙe hannu wofi.

Kofur ya daina dariya. Ya ɗauki igiyar damin, ƙullinta ɗaya bai kwance ba, ya miƙa wa Kawu. "Tambaye shi ta wace ce."

Na tambaya da Bura. Kawu bai ma karɓi igiyar ba. Ya ce, "Gaya masa na sani, amma ba zan faɗa ba."

Na juya ga Kofur na ce, "Ya ce idonsa ya tsufa, bai gane ta ba."

Kawu ya ɗaga sandarsa ya taɓa mini gwiwa. Ya yi magana da tasa Hausar, wadda ba ta wuce ta sayar da igiya ba. "Kofur, Malam ya yi ƙarya. Na sani. Faɗa ne babu."

Mista Oyelade ya sa baki, ya ce shi ya samu agogonsa, a bar maganar. Kofur ya ce, "Malam, da ka zo wurinmu ai rubutawa aka yi. Takarda ta shiga, ba ta fita sai da suna. In babu sunan ɓarawo, akwai na mai ɓoye ɓarawo." Ya dubi Kawu. "Baba, girmanka nake gani. Suna ɗaya, ka koma kan igiyarka."

Kawu ya ce, "In na faɗi wannan, gobe wa zai kawo dami?"

Da na fassara, Kofur ya ce wannan ba damuwarsa ba ce. Ranar Jumma'a aka ɗora Kawu a motar kasuwa aka tafi da shi birni.

Matarsa, Inna Kwatam, ta tare ni a ƙofar makaranta da yara suna kallo. "Sannu, Malam mai takarda. Turawa sun koya maka karatu, sun manta su koya maka inda ake ajiye baki. Mutum na zaune lafiya da ƙafarsa ɗaya, ka je ka yi masa kirari a gaban ɗan doka."

Na ce, "Inna, zaginsa ya yi."

"Zagin ya karya masa ɗayar ƙafar ne? Shekara nawa ina ce masa gurgu a cikin gida, ka taɓa ganin an zo da mota?"

Kwana goma sha ɗaya ya yi a tsare. Ban taɓa ganin Gwalamdi kamar a kwanakin nan ba. Ba mai agogo kaɗai ke cikin tsoro ba. Duk wanda ya taɓa cusa wani abu cikin ciyawa, ko uwarsa ta taɓa, ko ɗansa, cikin shekara talatin, yanzu ya san akwai mutum ɗaya da ya sani, kuma mutumin yana hannun hukuma. Gaisuwa ta gajarta. Ranar Lahadi bayan sujada wani dattijon majami'a, mai mana wa'azi wani lokaci, ya ja ni gefe ya ce, "Malam, in suka doke shi fa? Kana ganin zai jure?" Na ce ban sani ba. Ya tsaya yana gyara hularsa har na wuce.

Asabar ta biyu na hau keke na je birni da ƙullin garin dawa da gyaɗa da Inna ta ba ni. Na same shi a bayan ofishin, an fito da shi inuwa. Ya rame, ƙafar ta kumbura saboda kwanan siminti. Wani ɗan doka ya kawo masa rama, Kawu yana tufka masa igiyar tunkiya.

Na durƙusa na ce, "Kawu, na yi laifi."

"Ka yi. Gyaɗar soyayya ce ko ɗanya?"

"Soyayya. Kawu, sun ce in ka kai gaban alƙali ba ka faɗa ba, wata uku ne."

"Wata uku ai kaka ta yi. Zan dawo in tarar da sabon tuwo."

"To ka gaya mini ni kaɗai. In je in same shi a ɓoye, ya zo ya amsa laifinsa, a sake ka."

Ya ɗago ya dube ni, sai ya yi dariya har tari ya kama shi. "Kai? Kai da ka gaya wa Kofur abin da bai ma tambaye ka ba?" Ya ci gaba da murza igiyar a cinya. Can ya ce, "Mutumin nan ya kawo agogo ne don ya san bayana zan ba shi. Ni na kira shi da garma. In na kira mutum ya zo, na kuma miƙa shi, to ni na yi satar da ta fi tasa."

Ranar Litinin aka kai shi gaban alƙali, ni ne kuma tafinta. Sau uku alƙali ya tambaye shi, sau uku ya ba da amsa ɗaya, na kuma fassara ta yadda ya faɗa. Alƙali ya tambayi Mista Oyelade ina agogon, ya ɗaga hannu ya nuna. Ya tambaye shi ko yana da sauran ƙara, ya ce babu. Alƙali ya ce shi bai saba shari'ar da babu abin da ya ɓace kuma babu mai kuka ba. Ya yi wa Kawu faɗa a kan taurin kai, ya ce a kai tsoho gida.

Ya koma gindin maɗacinsa. Mutane suna gaishe shi, amma na lura wasu sun fara zagayawa ta bayan rumbuna don kada su bi ta gabansa. Mako uku bayan haka munduwar tagulla ta Pindar, matar ƙanen mai gari, ta ɓace a wurin wanki. Ta zo ta faɗa.

Inna Kwatam ta ce, "Kada ka buga. Wa zai kawo maka igiyarsa yanzu, bayan kowa ya san karanta ta kake yi kamar wasiƙa? Za ka tsaya kai da itace, mutane su yi maka dariya."

Ya ce, "To sai mu yi hira da itacen." Ya buga.

Washegari na je tun da sassafe, ban iya karyawa ba. Kawu ya juya fuska ga maɗacin, ya dafa sandarsa. Aka daɗe ba kowa. Rana ta fito sosai, awaki suka fara kuka a turke. Sai ga mace ɗaya da dami a ka, ta ajiye ta koma gefe. Sai maza biyu. Daga nan aka riƙa zuwa, ba mai duban wani. Ina ƙirgawa a zuci. Arba'in da bakwai.

Ya juyo ya zauna ya fara kwancewa. Duka da igiya aka ɗaure su, irin ta kowane gida, ban da guda ɗaya da aka ɗaure da yankakkiyar robar tayar keke. Ya ɗaga shi sama yana jujjuyawa. Babu komai a ciki sai ciyawa.

Ya ce, "Mai wannan dabara, ina ba shi shawara ya koma igiya. Keke uku ne a garin nan, kuma biyu tayarsu lafiya lau."

Aka fashe da dariya, har da mai keken na uku, wanda ya rufe fuska da hula.

A dami na goma sha tara munduwa ta faɗo ta yi ƙara a kan saiwar itacen. Kawu ya kwance sauran ƙullin, ya jefa igiyar cikin tarin 'yan'uwanta, ya ci gaba har ya gama duka arba'in da bakwai ɗin. Sa'an nan ya miƙa wa Pindar munduwarta, ya ce kowa ya kwashi ciyawa ya kai wa awakinsa kafin rana ta yi zafi.