Keken Tagwaye da Bai Shiga Gida Ba

Ranar wata Juma'a ce bayan la'asar, a ƙarshen dogon hutu, shekarar da zan shiga aji biyar na firamare. An yi ruwa da rana ya ɗauke, tsakar gidanmu da ke unguwar Wambai a Suleja duk ya jiƙe, ni kuma ina tsugune bakin rijiya ina wankin nafkin ɗin tagwaye, wanda a lokacin shi ne babban muƙamina a gidan. Umma na kan tabarma a baranda tana shayar da Usaina, Hassan kuma na kan cinyar Kaka, mahaifiyar Baba, yana ƙoƙarin cinye carbinta. Kaka ta zare carbin daga bakinsa, ta dube ni, sannan ta yi magana da irin muryar da take sanar da cewa gishiri ya ƙare: "Ƙawata za ta huta wa boko zango ɗaya, ta kama wa uwarta raino. In sun yi ƙafa ta koma." Na ci gaba da cuɗa nafkin ɗin da tuni ya fita.

Ba mugunta ce ta sa Kaka faɗin haka ba, lissafi ne, kuma lissafin nata bai da kuskure. Na daɗe ni kaɗai a wurin iyayena kafin tagwayen su zo, kuma da aiki aka ciro su, likita ya hana Umma ɗaukar nauyi. Goyon ɗaya take iyawa, shi ma da cije baki. Umma tela ce, tana da ɗan shago a bakin kasuwa, kuma duk gidan an san cewa in wata ya raba tsakiya, keken ɗinkinta ne ke riƙe tukunya har albashin Baba ya iso. Shi Baba akawu ne a wani ofis a Abuja, yana fita da an sallame asuba, ya dawo muna shirin kwanciya. Kaka gwiwa ta hana ta bin yaro ɗaya, balle biyu, maganar 'yar aiki kuwa ba ta ko son ji. To duk tsawon hutun ni ce nake goya ɗaya mu tafi shago, in wuni ina tsare su daga allura da fil da ƙyallaye da fedar keke. Sun fara rarrafe, kuma tun lokacin ba su taɓa yarda su nufi alƙibla ɗaya ba.

Ni dai ko a shekarun nan na san yaron da ya fara rarrafe jiya ba zai yi ƙafa a zango ɗaya ba. Kuma aji biyar ba ƙaramin abu ba ne a makarantarmu. Daga shi ake barin zaman ƙasa a hau benci, a ajiye fensir a ɗauki biro, kuma 'yan aji biyar ne ke da gindin mangwaron da ke bayan ofishin hedimasta, inda ƙasar take da laushin zana 'yar gala-gala. Shekara huɗu ina hangen wannan inuwar daga cikin rana.

Wadda ya kamata ta yi magana ita ce Umma, ita ce kuma ba ta da bakin yi. Ni 'yar fari ce, kuma gidanmu na masu riƙe kunyar ɗan fari ne da gaske. Umma ba ta kiran sunana, "ke" ce ni, in a gaban baƙi ne kuma "yarinyar nan". Ta tsaya gaban surukarta tana kare karatun 'yar farinta, abu ne da za a yi ta maimaitawa a gidajen suna har a gaji. Amma na taɓa ji a bakin wata ƙanwarta cewa ita ma Umman zango ɗaya aka ce mata a zamaninta, kuma har ranar nan ba a aiko ta koma ba.

Don haka ba ta ce komai a kaina ba. Bayanta ta fara kuka da shi. Da Baba ya dawo yana cin tuwo, ta ce bayan nan ya matsa mata, ko goyon ɗayan ma ta kusa kasawa, ta kuma tambaya, kamar wadda abin ya faɗo mata yanzu, wai me matan Abuja ke yi da nasu yaran. Baba mutum ne mai ƙaunar duk matsalar da ake iya warwarewa da ƙarfe da taya. Nan take ya ajiye loma ya shiga bayanin keken tura yara da yake gani a can, har yana zana shi da yatsa a kan tabarma. Kaka ta saurare shi har ya gama, sannan ta ce ita a saninta abin da ake turawa a kan taya a Suleja ruwa ne da siminti da doya, sai marar lafiya in abin ya yi tsanani. Ta ce matan Gbagyi a kafaɗa suke ɗaukar kayansu, mu a ka muke ɗauka, amma ɗa kam kowa a baya yake sa shi. Duk da haka ta ce in za a je dubawa da ita za a je, don kada a ha'inci angonta, wato Hassan. Washegari da safe Baba ya ari tef ɗin awon Umma ya auna faɗin ƙofar zaure, ya sake aunawa, ya fito da fuskar wanda ya gama da wannan ɓangaren.

A Madalla muka sauka, a bakin titin Abuja, inda masu gwanjo ke baza kayan da aka gama yayinsu a wasu ƙasashe: firiji, kujerun ofis, kekunan yara, tukwanen lantarki marasa murfi. Mai kayan wani ɗan kudu ne mai fara'a, Hausarsa rabi ce, sauran rabin yana cikawa da hannu, kuma da kallo ɗaya ya gane wace ce mai yanke hukunci, don Kaka ya kawo wa kujera yana ce mata Mama.

Ya fara fito da wani mai kyau, shuɗi, mai mazauni ɗaya. Baba ya ce ai shi ke nan, a sa ɗaya a ciki, a goya ɗaya. Kaka ta dube shi kamar ba ita ta haife shi ba. A wurinta tagwaye ba a bambanta su ko da a ƙwayar gyaɗa. Riga iri ɗaya, kwano iri ɗaya, in an shafa wa wannan mai a shafa wa wancan, in ba haka ba wanda aka tauye zai yi fushi, kuma fushin tagwaye, in ji ta, shi ke sa tukunya ta ƙi tafasa ko kunama ta shigo ɗaki. Baba ya yi karatu, bai yarda da zancen kunamar ba, amma ban taɓa ganin ya gwada ba. To wa za a goya, wa za a tura? Aka ture shuɗin gefe. Na biyun mai mazauni biyu ne, ɗaya gaba ɗaya baya, kamar motar haya. Kaka ta tambaya wa zai zauna a gaba. Baba ya ce a riƙa yin karɓa-karɓa, ta ce shi zai dawo daga Abuja ya riƙa tuna na wa ne yau? Na ukun gefe da gefe ne, adalci tsantsa, sai dai faɗinsa ya wuce awon da ke kan Baba.

Umma ce ta hango na huɗun, can baya, an cika shi da takalman gwanjo. Shi ba kujera ba ne, akwati ne dogo na roba mai kauri, ja, da tayoyi huɗu manya, da mariƙin ƙarfe, da 'yar rumfa a sama. Mazaunai biyu ne a ciki suna kallon juna, tsayinsu ɗaya. Baba ya karanta rubutun da ke jikinsa, ya fassara mana cewa an yi shi ne don yawo a kan ciyawa da yashin bakin teku. Suleja ba ta da teku, amma tana da kwata da lambatu da duwatsun da ruwa ke tonowa a lungu, kuma Umma ta tura shi a kan tsakuwar bakin titi ta ga bai ko girgiza ba. Abin da take dubawa kuma ban gane shi ba sai daga baya: zurfinsa. Ta sa hannu ta auna bangon daga ciki, ta ɗaga Usaina ta zaunar, ta tsaya ta ga ko za ta iya haurowa. Ba ta iya ba. Abin da zai kai su shago shi ne kuma zai tsare su a shagon, wato aikina gaba ɗaya, an zuba shi a roba.

Aibinsa ɗaya: mazauni guda na da bel ɗin ɗaure yaro, na ɗayan ya tsinke. Kaka ta ce a kawo reza a yanke mai kyaun, su zama daidai. Mai kayan ya ɗauka bai ji Hausar da kyau ba, sai da Baba ya tabbatar masa. Umma ta sunkuyar da kai ta ce, Inna, ai tana da ragowar yadi mai ƙarfi a shago, za ta ɗinka sababbi guda biyu iri ɗaya. Aka ɗaure keken a but ɗin tasi, rabinsa a waje, muka juyo gida.

Ya shige ƙofar zaure lafiya lau, Baba na murmushi. Abin da ba wanda ya tuna, har Kaka da ta yi shekara da shekaru tana bi ta wurin, shi ne zauren gidanmu irin na da ne. Ƙofar ciki ba ta kallon ta waje, tana can a kusurwa, kuma da ka fita ta cikinta katanga ce a gabanka, sai ka karya kwana, don kada na waje ya hango matan gida. Mu da muke bi kullum jikinmu ne ke karya kwanar ba tare da ya sanar da mu ba. Keken kuwa ba ya lanƙwasuwa. Aka tura ta gaba, aka ja ta baya, ya ƙi. Sai da Baba ya kira wani maƙwabci suka kwantar da shi a gefe suka ciccibe, ya shiga yana kankare farar ƙasa, kuma a fili yake Umma ba za ta iya wannan ita kaɗai kowace safiya ba. Baba ya ce ko a ɗan sassabe bakin katangar. Kaka ta tambaye shi ko katangar da mahaifinsa ya gina yake nufi. Suka sake ciccibo shi zaure. "Gidan ma ya ƙi shi," in ji Kaka. "A mayar wa mai shi." Baba ya ce to, Asabar mai zuwa.

Ranar Litinin aka koma makaranta. Na tashi na share tsakar gida, na ɗebi ruwa, na ɗauko zanen goyo, ban ko kalli inda yunifom ɗina yake ba. Ina jin 'yan lungunmu suna wucewa suna kiran juna. Umma ta gama shirya tagwayen, ta je ƙofar ɗakin Kaka ta durƙusa ta gaishe ta, sannan ta ce, "Inna, kafin a mayar da abin nan, bari in gwada shi yau, kada mai shi ya ce mu muka ɓata." Kaka ta ci gaba da jan carbinta. Ba ta rasa gane inda maganar ta nufa ba, ba a taɓa yi mata wayo a gidan nan ba sai da saninta. Can ta ce a dai zaunar da su daidai.

Umma ta kai Hassan zaure ta ɗaure shi a keken, ta dawo ta ɗauki Usaina. Bel ɗin biyu ta riga ta ɗinka su tun jiya, ban san lokacin ba. Ta ratsa ta gabana, ba ta dube ni ba, ta ce, "Ke kuma tsayuwar me kike yi? An ce miki an ƙara hutu ne?"

Na makara ranar, na sha bulala biyu a bakin get, kuma ban taɓa karɓar bulala da sauƙin zuciya irin wannan ba.

Abin da Umma ta tarar a hanya sai daga baya na riƙa ji. Ba a taɓa ganin matar aure 'yar gari tana tura 'ya'yanta a lungun Wambai ba. Yara suka bi ta a baya. 'Yan ga-ruwa suka riƙa matsa mata da kurarsu suna yi mata sannu da aiki irin ta abokan sana'a. Wata dattijuwa ta tare ta ta tambaya ko bayanta aka yanke da za ta zuba 'ya'yan mutane a kura kamar jarkoki. Har a kasuwa aka daina cewa shagon Rabi tela, aka koma shagon mai kura. Umma mace ce da ko ɗaga murya a titi ba ta yi, amma ta bi ta cikin wannan safe da yamma ba ta canja hanya ba.

Asabar ta zo, Baba ya tambaya a hankali ko a kai keken. Umma ta ce ba ta gama gwadawa ba. Baba bai sake tambaya ba. Haka keken ya zauna a zaure kusa da tabarmin baƙi, a matsayin kayan da za a mayar, har tagwayen suka yi ƙafa, suka yi gudu, suka fara tura juna a ciki. Ni kuma na gama aji biyar a kan benci, na wuce shida, na ci gaba har inda karatun ya kai ni.

A bana na sayi irinsa, don nawa yaran biyu ne a jere. A waya na zaɓa ina zaune, tsakanin masu launi iri-iri, aka kawo mini har gida. Yana naɗewa da hannu ɗaya, ba ƙofar da ke gagararsa, kuma in na tura shi a layinmu ba mai ɗaga kai. Ba wanda ya yi mini gardama a kan wa zai zauna ina, Kaka ta daɗe da rasuwa, kuma na yi mamakin yadda na so a ce an yi gardamar. Nakan ji shi sakayau a hannuna in na tuna na Umma. Nawa ba komai a cikinsa sai yara biyu.